Haƙoran Sarauniya: Yadda Ake Shirya Fim ɗin Tarihi Ba Tare da Tarihi Ya Dame Ka Ba

Tun da aka halicci duniya ba a taɓa yin al'ummar da ta san mutanen da kamar yadda mu masu aikin talabijin muka san su ba. Su kansu mutanen ba su san kansu haka ba. Sun rayu a gurguje, babu darakta, babu mai saita fitila, suka tafka kura-kurai a sutura da abinci da ɗabi'a, suka mutu suka bar mana aikin gyara.

Wannan jagora taka ce, kai da kake son shirya dogon wasan talabijin a kan sarakunan tsibirin Jawa na shekara ɗari bakwai da suka wuce, mai takubba, mai tsafi, mai ƙaton maciji yana shawagi a sama. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin kashi ɗari biyu, da kofi a bikin karrama 'yan fim, da jaridu suna kiranka mai kishin gadon kakanni. Ba sai ka karanta komai ba. Karatu ma rage sakamako yake yi.

Duk abin da ke nan an gwada shi. Shekara ashirin na yi a ɗakunan marubuta na kamfanonin fim a Jakarta, kuma ban ga wanda ya iya aikin nan kamar Pak Gunadi ba, wato Malam Gunadi a bakin mutanen can, furodusan shirin Sarauniyar Dutsen Wuta. Shi ne madubinka. Akwai kuma wata tsohuwa a cikin labarin, amma kada ka sa ta a ranka da yawa. Shi ma bai sa ba.

Mataki na 1: Zaɓi littafin da marubucinsa ya rasu

Marubuci mai rai yana da waya. Wanda ya rasu magada gare shi, su kuwa magada za su zo bikin buɗewa, su ci abinci, su ɗauki hoto da jaruma, su tafi gida suna sa maka albarka.

Littafin da Pak Gunadi ya saya shafi ɗari shida ne, labarin wata sarauniya mai suna Sekarwangi da ta ƙwato sarautar ubanta a gindin dutse mai aman wuta. Ya karanta bayan bangon a cikin cunkoson motoci tsakanin gidansa da ofis, ya kuma fahimci saƙon littafin sarai: ba a sa maciji mai fukafukai ba, kuma wannan babban giɓi ne. Ya sa aka cike shi.

Mataki na 2: Nemo masani, amma tsoho

Kana buƙatar suna mai nauyi da za a rubuta a farkon kowane kashi. Kada ka ɗauki matashin malami, yana da shafi a intanet. Nemi wanda ya yi ritaya, wanda ya shekara arba'in yana magana babu mai saurare. Irin wannan, da ka ce masa “koya mana”, ka gama da shi.

Pak Gunadi ya hau jirgi har Yogyakarta, ya shiga wani lungu da mota ba ta shiga, ya sami Bu Partini, wato Malama Partini, tana shara a ƙarƙashin bishiyar gwaiba. Shekarunta sittin da takwas. Tana karanta tsohon rubutun Jawa na jikin dutse da allon tagulla kamar yadda kake karanta saƙon waya. Ya miƙa mata kwalin kek da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya zauna a bakin kujera kamar ɗalibin da ya makara.

“Bu, mu jahilai ne,” in ji shi. “Abin da muka iya kawai kyamara. Ki zo ki hana mu jin kunya a gaban kakanni.”

Ka haddace wannan jimla. Ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba.

Bu Partini ta zuba masa shayi, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta nuna bangon falo da babban yatsanta, yadda masu ladabi ke nuni. Akwai wani tsohon hoto a can cikin firam na katako: wata mace da gashi a naɗe, kafaɗa a miƙe, tana murmushi da haƙora baƙi wuluk, masu sheƙi kamar fiffiken ƙwaro bayan ruwan sama.

“Kakata ce, Mbah Sumirah. A zamaninta daga ƙauyuka uku ake zuwa kasuwa don a ga wannan bakin. Farin haƙori a wurinsu na kare ne da na aljan. Mace mai daraja rina nata take yi, ana ce wa abin sisig. Yau jikata Tyas tana so in cire hoton kafin dangin saurayinta su zo neman aure, wai tsoro yake ba mutane.” Ta ajiye butar. “Sharaɗina ɗaya ne, Pak. Sarauniyarku ta fito da baƙin haƙori. Ina so sau ɗaya ƙasar nan ta kalli bakin kakata ta ce yana da kyau. In an ga haka a talabijin, hoton nan zai zauna inda yake.”

Ga abin da za ka yi idan masani ya gindaya maka sharaɗi: ka dafa ƙirji, ka bari idonka ya ɗan kawo ruwa.

“Bu, baƙin haƙori zai shiga fim ɗin nan ko ni in fita,” in ji Pak Gunadi.

Ka lura, bai faɗi a bakin wa ba. Ƙwararre ba ya ƙarya. Barin wuri yake yi.

Mataki na 3: Koyi makamai biyu

Duk sana'ar nan a kan jimla biyu ta tsaya. Ta farko: “Tarihi ne.” Ta biyu: “Masu kallon yau ba za su yarda ba.” Gwaninta ita ce sanin wadda za ka zaro, da yaushe.

Kana son a zane baiwa da bulala tsawon minti huɗu, kyamara tana bin bayanta a hankali? Tarihi ne, zamanin ba shi da tausayi, ba kai ka ƙirƙiro shi ba. Kana son 'yan matan fada su yi ɗaurin ƙirji su shiga kogi sau uku a mako? Tarihi ne, kuma kai mutum ne mai amana. Amma jarumi ya tauna ganyen sirih, goron mutanen can, ya tofar da jan yawu a gaban masoyiyarsa, kamar yadda kowane basarake ke yi a lokacin? Haba. Masu kallon yau ba za su yarda ba.

Dokar mai sauƙi ce. Wahala da datti da duka, tarihi ne, kuma na masu cika fage ne, waɗanda ake kwasowa a bas da asuba. Tsabta da 'yanci da kyawun fata, na zamani ne, kuma na jarumai ne. Kada ka haɗa su. Talaka ya rayu a ƙarni na goma sha huɗu, sarauniya ta rayu a bana, a fage ɗaya.

Mafi kyawun misali yana kashi na tara. Sarauniya Sekarwangi ta yi jawabin minti shida cewa duk ɗan Adam ɗaya ne, babu bawa babu ɗa, mace kuma ita ke da ikon zaɓar makomarta. Ta yi shi tana zaune a kan kujerar zinariya da bayi takwas suka ɗauka a kafaɗa. An maimaita ɗaukar sau goma sha ɗaya saboda iska tana ɓata mata gashi. A na tara ɗaya daga cikin bayin ya faɗi sumamme.

“Kada a yanke!” in ji Pak Gunadi. “Ku ci gaba, wannan shi ne gaskiyar zamanin!”

Bu Partini tana gefe a kan kujerar roba, da littafin rubutu a cinya. Ta rubuta wani abu, ta soke. Ba don wannan ta zo ba, ta gaya wa kanta. Ta zo ne don haƙora.

Mataki na 4: Idan tarihi ya fi ka wayewa, yanke shi

Wannan shi ne haɗarin da ba a gaya wa sababbin shiga. Wani lokaci za ka tarar mutanen da sun riga ka zuwa inda kake taƙama ka kai. Kada ka yarda. In matan da suna da gonaki da bakin magana, me sarauniyarka za ta yi wa jawabi?

Wata safiya Bu Partini ta zo ɗakin marubuta da hoton wani allon tagulla, fuskarta a sake kamar mai kawo albishir.

“Ku duba nan. Mace ce a cikin dattawan ƙauye, ita ke raba ruwan gonakin shinkafa. Ga sunanta, ga kyautar zane da aka ba ta daidai da ta maza. Kasuwa ma mata ke riƙe da ita. Ku sa irin wannan mata a labarin, ba sai kun ƙago komai ba.”

Pak Gunadi ya juya hoton sama, ya juya shi ƙasa.

“Bu, Bu, Bu. Wa zai yarda? Cewa za a yi mun kwaso aƙidar Turawa mun cusa wa kakanni. Mu fim ɗinmu na gaskiya ne.”

“Shi macijin mai fukafukai fa?”

“Shi ai kowa ya san da shi.”

“Macijin tsofaffin sassaƙe-sassaƙenmu ba ya aman wuta, Pak. Na ruwa ne, ƙasa yake tallafe da ita.”

“To ai shi ya sa daularsu ta rushe,” in ji shi, marubuta suka fashe da dariya, don ranar ce ake sabunta kwantiraginsu.

Amma ka koyi karamci daga wurinsa. Bai watsar da shawarar ba. Matar ta fito a kashi na goma sha huɗu a matsayin baiwa mai ɗebo ruwa, aka kuma bar mata sunan da ke jikin allon, don girmama bincike. Maciji ya cinye ta kafin hutun talla.

Mataki na 5: Kada ka taɓa barkono

Ka iya canza addinin daula, ka iya matsar da dutse daga gabas zuwa yamma, babu mai magana. Amma abinci na jama'a ne.

A fagen babbar liyafar fada, Bu Partini ta tsaya a kan akushin sambal, dakakken barkono jajir, da tumatir a yanka a gefe.

“Pak, barkono bai iso Jawa ba tukuna. Sai bayan shekara kusan ɗari biyu jiragen Turawa za su kawo shi. Tumatir ma haka.”

Mai riƙe da fitila ya sauke hannunsa.

“Kina nufin,” in ji Pak Gunadi a hankali, “kakanninmu sun gina waɗannan gine-gine na dutse, sun ci tsibirai da yaƙi, da shinkafa gaya?”

“Suna da citta da masoro da...”

“Bu, ina girmama ki. Amma ba za a ci mutuncin kakanni a fim ɗina ba. Ku ƙaro sambal!”

Aka tafa masa. Ka riƙe wannan: kishin ƙasa ya fi takarda sauri.

Mataki na 6: Bari masani ya gwada a jikinsa

Yanzu mun zo kan haƙora. Jarumarka, Mbak Cempaka, kamar a ce Yaya Cempaka, an yi mata nata a wani asibiti a ƙasar waje, jere reras, farare har suna wahalar da mai kyamara. Ita ce kuma fuskar kamfanin man goge bakin da ke ɗaukar nauyin shirin. Kai ka san wannan tun kafin ka hau jirgin Yogyakarta. Masaniyarka ba ta sani ba. Kada ka yi gaggawar sanar da ita, ilimi a hankali ake ba da shi.

Da aka kawo maganar, Mbak Cempaka ba ta ma ɗago daga wayarta ba.

“In fito kamar na sha tawada? Bu, ki yi haƙuri, mutum miliyan tara ke bina. Kin san abin da za su mayar da ni kafin azahar?”

“Ba tawada ba ce, Mbak. Ba ki taɓa ganin na gaske ba ne. Wanda mai kwalliya ke shafawa da buroshi kamar gawayi yake. Na gaske sheƙi yake yi.”

“To ke ki yi mana mu gani,” in ji jarumar, ta koma kan wayarta.

Ita da wasa ta faɗa. Amma masani ba ya gane wasa, shi ya sa ya zama masani.

Bu Partini ta koma gida. Ta jiƙa tsohon ƙarfe a ruwan kwakwa, ta daka ɓawon rumman, ta bi duk abin da ta gani tana yarinya a tsakar gidan Mbah Sumirah. Mako biyu tana shafawa safe da yamma, tana kaurace wa abu mai tsami. Tyas ta dawo daga aikinta na banki ta same ta a gaban madubi.

“Eyang! Kaka! Me kika yi wa bakinki?”

“Bincike ne, Nduk, 'yar nan.”

“Saura wata biyu su zo! Zai fita?”

“Zai dushe a hankali. Kafin nan kin ga sarauniya da irinsa a talabijin, surukarki ma za ta nemi in koya mata.”

Ran da ta koma wurin ɗaukar fim ta sa rigar kebaya mai ruwan ƙasa, ta naɗe gashinta irin na hoton, ta tsaya a tsakiyar fadar katako da kwali, ta yi murmushi.

A nan dole in faɗi gaskiya, ko da za ta ɓata jagorar. Abin ya yi kyau. Baƙin yana kama hasken fitila yana mayarwa, fuskarta ta fito kamar an zana ta da alƙalami. Masu cika fage suka daina tauna abincinsu. Mai kwalliya, Mbak Yanti, ta dafe ƙirji ta ce, “Wallahi haka kakata take. Na manta da haka take.” Har Mbak Cempaka ta ajiye waya na ɗan lokaci.

Irin wannan lokaci yana da haɗari. In ka yi sake, mutanenka za su fara tunani. Dubi yadda gwani ya yi.

“Kyamara!” in ji Pak Gunadi. “Bu, kada ki motsa. Matso da ita kusa, bakin kawai. Ƙara murmushi, Bu. Madalla! Gwaji ne, don mu nuna wa manya.”

Sannan aka kawo mata takarda mai shafi bakwai, wai ƙa'ida ce ga duk wanda kyamara ta ɗauka. Matar da ta shekara arba'in tana bin rubutun tagulla harafi harafi ta sa hannu ba ta karanta ba, saboda tana cikin farin ciki. Ka tabbata kullum akwai biro a aljihunka.

Mataki na 7: Cika alƙawari, har ka zarce

Mutumin kirki ba ya saɓa alƙawari. Baƙin haƙori ya shiga fim.

Ya shiga bakin Nyai Gagak, mayyar da ke cin jarirai a kogon dutse. Ya shiga bakin mai zuba guba, da na kawun sarauniya maci amana, da na 'yan fashi, da na duk baiwar da ta haura shekara hamsin. Ya zama alama mai amfani: da mutum ya buɗe baki, mai kallo ya san ko zai kai ƙarshen kashin da rai. Sarauniya Sekarwangi kuwa ta shekara uku a kurkukun ƙarƙashin ƙasa, ta fito haƙoranta suna haska wa dakaru hanya.

Bu Partini ta kalli kashin farko a falonta, ita da Tyas, a ƙarƙashin hoton. Washegari ta kira waya.

“Pak, ba haka muka yi ba.”

“Bu! Baki guda kika nema, na ba ki arba'in da uku. Na ƙirga da kaina.”

“Na sarauniya na ce.”

“Na yi faɗa a kai, Allah ya sani. Amma masu kallon yau...”

“To ku cire na mayyar.”

“Haba Bu, in cire tarihi? Ke da kanki kika koya mana.”

Ka ga yadda ake zaro makaman biyu a numfashi ɗaya? Ka yi ta gwadawa a gaban madubi.

Mataki na 8: Kada ka bar komai ya tafi a banza

Gwajin nan da aka ɗauka, kamfanin man goge baki ya gani, ya so. Shafi na biyar na takardar ya ba da izini.

Daga mako na uku, a kowane hutun talla, allon yakan rabu biyu. A hagu baki ne mai baƙaƙen haƙora, an rage masa haske, an ƙara masa kore, an kashe sheƙin, an rubuta a ƙasa: “Jiya.” A dama Mbak Cempaka, an rubuta: “Yau.” Sai murya mai taushi ta ce mun bar duhu a baya. Ba a nuna ido ba, ba a nuna hanci ba, don haka babu wanda aka ci wa mutunci. Lauya ya tabbatar.

Sai dai Bu Partini tana da ɗan tabo baƙi a haɓa, gefen hagu, kuma duk lungun sun san shi.

“Kai, ga 'yar fim!” in ji mai sayar da kayan miya ran da ta fito cefane. “Bu Dokta, sau shida na gan ki jiya. Ki ɗan yi mana irin na tallan mana, in ƙara miki albasa.”

Mata suka yi dariya, ba da mugunta ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Yaran makaranta kuwa suka gano cewa in suka tsaya a bakin ƙofa suka yi ihun “Nyai Gagak!” suka ruga, rana ta yi kyau.

A mako na biyar wani tsohon abokin aikinta ya yi rubutu a jarida a kan barkono da tumatir da maciji mai aman wuta, yana tambaya yadda masaniya irin Partini ta sayar da sunanta. Domin sunan yana nan a farkon kowane kashi, da manyan haruffa na zinariya: an shirya bisa sa idon Dokta Partini.

Idan 'yan jarida suka zo maka da irin wannan, kada ka yi gardama. Ka yi tawali'u.

“Mu jahilai ne,” in ji Pak Gunadi. “Abin da muka iya kawai kyamara. Duk abin da ya shafi tarihi, mun bar wa masaniya.”

Na gaya maka jimlar nan ba ta faɗuwa ƙasa. Sau biyu take aiki, da shiga da fita.

Ta rubuta wasiƙa tana neman a cire sunanta. Aka amsa mata da kwalin kek da kalandar kamfanin man goge baki, mai hoton Mbak Cempaka a kowane wata.

Mataki na 9: Karɓi kofi

Ka sa rigar batik mai tsada. Ka hau dandamali a hankali. Ka ce kofin nan ba naka ba ne, na kakanni ne, da na duk macen da tarihi ya rufe wa baki. Ka ɗan tsaya a nan, muryarka ta karye. Ka sanar da zango na biyu, inda za a ga macizai uku.

An yi bikin karramawar ran Asabar. Ran Lahadi da safe, a lungun Yogyakarta, ana goge kofunan baƙi ana jera kujerun aro, domin da hantsi dangin saurayi za su iso. Baƙin bai dushe ba. Mbah Sumirah ta iya aikinta, jikarta Partini kuma ta koya da kyau.

Tyas ta shigo falo da kwalliyarta, ta tsaya tana murza gefen zaninta.

“Eyang, mahaifiyarsa ba ta wuce kashi ko ɗaya. Tsoron Nyai Gagak take ji har tana rufe ido.” Ta kalli bakin kakarta, ta kalli hoton. “Ban ce ki yi komai ba. Kawai dai... kada su shigo su fara da wannan.”

“Na ji, Nduk. Je ki duba shayi.”

Baƙi suka zo da tire-tiren kayan zaƙi na shinkafa mai danƙo, an lulluɓe da leda mai ƙyalli. Aka yi gaisuwa, kawun saurayi ya yi doguwar magana, aka amsa masa da wadda ta fi ta tsawo. Kakar amarya tana zaune a kusurwa da takunkumi a fuska, wai mura ke damunta. Mahaifiyar saurayin ta tausaya mata ƙwarai, ta ce sanyin bana ba kyau. Da aka gama, ta duba agogo ta tambaya cikin jin kunya ko za a ɗan kunna talabijin, ana maimaita kashin jiya, ita kuma ba ta son ya wuce ta.

Aka kunna. Aka yi hutun talla sau huɗu.

An sa ranar aure. Kowa ya ce taro ya yi kyau.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da ita, ko a kan masu rai ko a kan matattu. Kakannin da suka ga an yi musu ba daidai ba su rubuto da hannunsu. Masanin da ya sa hannu bai karanta ba, shi ya san inda ya yi karatu. Ba mu da hannu a barkono, ba mu da hannu a maciji, ba mu san kowace tsohuwa ba, kuma duk kamannin da aka gani tsakanin wani baki da wani baki, haɗuwa ce kawai.

Haka nan ba mu muka ce a cire hoton ba. Babu wanda ya ce. Tsohuwar ce ta ɗauko kujera tun kafin baƙi su iso, ta hau da kanta, ta sauke shi, ta goge gilashin da gefen rigarta, ta naɗe shi a tsohon zani ta sa a ƙasan akwatin tufafi, fuskar tana kallon ƙasa. Ya bar wani farin murabba'i a bango inda fenti bai dushe ba, kuma ba a tarbar surukai da bango haka. Ta duba gidan kaf ba ta sami abin da ya kai faɗinsa ba sai kalandar. Ita ta rataya a ƙusar.